Tambaya da Amsa: Na Bar Kusan Kowane Abinci, Amma Cikina Bai Kwanta Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni malamar makarantar firamare ce a Daura, shekaruna 34. Sama da shekara biyu ke nan ina fama da murɗawar ciki da kumburi, wani lokaci gudawa, wani lokaci kuma bayan gida ya yi tauri ya ƙi fita. An yi mini gwajin jini da na bayan gida ba a ga komai ba, daga baya likita ya ce ciwon nan ne da ake kira IBS. Surukata ta ce basir ne, har ta kawo mini jiƙo. Yanzu na bar wake da nono da burodi da miyar ganye da 'ya'yan itace, farar shinkafa da kunu kawai nake sha, har na fara ramewa. Don Allah me ya kamata in ci?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne.

Zan fara da ramar da kika ambata, domin ita ta fi tsaya mini a rai. IBS ciwo ne na aikin hanji da kuma saƙonnin da ke kai-komo tsakaninsa da ƙwaƙwalwa: hanjin yana saurin jin zafi, motsinsa kuma ba ya tafiya daidai, amma ba ya yin gyambo, ba ya zubar da jini, ba ya rikiɗewa ya zama sankara, kuma shi kaɗai ba ya ramar da mutum. Mai yiwuwa ƙarancin cin abinci ne ya jawo miki ramar, amma likitan da ya duba ki ne ya kamata ya tabbatar da haka. Ki koma wurinsa ki faɗa masa, kuma idan kin taɓa ganin jini a bayan gida, ko gudawa tana tashinki daga barci, ko kina yawan zazzaɓi, ko an taɓa samun sankarar hanji a danginku, kada ki ɓoye ko ɗaya. Idan ya ga dacewar ƙarin bincike zai iya tura ki Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Jiƙon nan kuwa ki yi wa surukarki godiya da ladabi, amma ki ajiye shi, domin da yawa daga magungunan basir na gargajiya masu sa gudawa ne, hanjin da yake a harzuƙe kuma ba ya buƙatar wanki.

Hanyar da kika bi, ta barin duk abincin da kike zargi har ya zama saura shinkafa da kunu, ita ce hanyar da mafi yawan masu wannan ciwo suke bi, kuma ba ta ɓullewa. Jiki yana rasa abin gina shi, bayan gida yana ƙara tauri saboda rashin ganye, fargabar cin abinci kuma ita kanta tana tayar da hanji. Ga shi har yanzu ba ki gano ainihin abin da ke damunki ba, tunda kin bar su duka a lokaci guda.

Masu bincike a Jami'ar Monash da ke birnin Melbon na ƙasar Ostareliya, cikinsu har da Peter Gibson da Susan Shepherd, sun bayyana tun wajen 2005 cewa akwai wasu nau'o'in sukari a cikin abinci waɗanda ƙaramin hanji ba ya tsotse su sosai. Suna janyo ruwa zuwa cikin hanji, idan kuma suka isa babban hanji sai ƙwayoyin halittar da ke zaune a can su cinye su, su fitar da iska. Kowa hakan yana faruwa a cikinsa, sai dai mai IBS yana jin wannan kumburar a matsayin ciwo. Sun taƙaita sunan waɗannan sukarin da kalmar FODMAP. A abincinmu na gida, sun fi yawa a albasa da tafarnuwa, da alkama da duk abin da aka yi da fulawa kamar burodi da taliya da fanke, da wake da 'ya'yansa irin su ƙosai da alale da ɗanwake, da madara, da zuma, da mangwaro da kankana da tuffa. Ki lura da cewa kin bar miyar ganye, amma ban ji kin ambaci albasa ba, alhali ita ce ke shiga kusan kowace tukunya, kuma tana cikin waɗanda suka fi tayar wa masu wannan ciwo hankali.

Abin da aka tsara shi ne a rage waɗannan na ɗan lokaci, mako 2 zuwa 6, ba har abada ba. A wannan lokacin kina da abinci mai yawa: tuwon dawa da na masara da na shinkafa, kunun gero, dankalin turawa, ƙwai, nama, kifi, gyaɗa daidai gwargwado, alayyafo, karas, tumatir, kokwamba, kuɓewa, gwanda, lemon zaƙi da abarba. Domin miya ta yi daɗi, ki sa lawashi, wato koren ganyen albasa, a madadin kanta. Haka kuma kina iya soya albasa ko tafarnuwa a cikin mai sannan ki tsame su kafin ki zuba ruwa, domin sukarin da ke cikinsu yana narkewa ne a ruwa, ba ya narkewa a mai, saboda haka ƙamshin zai zauna abin da ke cutar da ke ya fita.

Idan ciki ya lafa, sai a shiga matakin da ya fi muhimmanci, wanda kuma mutane suka fi tsallakewa saboda tsoro: dawo da abincin ɗaya bayan ɗaya. Ki samu ƙaramin littafi. Ki ɗauki abu guda, misali nono, ki sha kaɗan a rana ta farko, ki ƙara a ta biyu, ki ƙara a ta uku, kina rubuta abin da kika ji da yanayin bayan gida, sannan ki huta kwana biyu ko uku kafin ki gwada wake. Yawanci za ki tarar ba abincin ne gaba ɗaya ya ƙi ki ba, yawansa ne. Mafi yawan waɗanda madara ke damunsu suna iya ɗaukar kusan kofi guda, kindirmo da nono kuma sun fi ɗanyar madara sauƙi domin tsamin da suka yi ya rage sukarinsu. Ba na jin daɗin a raba mutumin Daura da fura da nono ba tare da an gwada ba. Wake ma idan aka jiƙa shi ya kwana, aka zubar da ruwan, aka dafa shi ya yi luguf, ƙosai biyu ko cokali kaɗan na iya zama lafiya inda kwano guda zai hana ki barci. Idan kuwa mako shida ya cika ba ki ga wani sauyi ba, ki daina takura wa kanki, ki koma cin abincinki, ki nemi likita ya duba wata hanyar, domin ba kowa wannan tsarin yake yi wa amfani ba.

Yadda ake cin abincin ma yana da nasa tasirin. Na san aikin koyarwa yana sa mutum ya fita ba karin kumallo, ya dawo da yunwa ya cika ciki lokaci guda, wannan kuwa yana tayar da murɗawa ko da abincin ba shi da laifi. Ki ci kaɗan-kaɗan a kan lokaci, ki tauna sosai, ki sha ruwa kamar kofi takwas a rana, ki fi haka a lokacin bazara. Shayi kada ya wuce kofi uku, ki kuma rage goro da lemon kwalba da yaji da soye-soye masu maiƙo. Idan azumi ya zo, kada ki haɗa ƙosai da kankana da dabino mai yawa da kunun da aka zuba wa madara a buɗe-baki ɗaya. Ki sha ruwa da dabino guda, ki yi sallah, sannan ki ci abincinki a hankali, ki raba sauran zuwa bayan tarawihi da sahur.

Ranar da za ki koma asibiti ki tafi da littafin nan, ki kuma roƙi a haɗa ki da jami'in kula da abinci, domin shi zai taimaka miki ki mayar da nauyin da kika rasa yayin da kike wannan gwaji.