Me ya sa muke barin dusar ƙanƙara yatsu biyu a kan hanyar tsakuwa

Ɗana, na ga saƙonka bayan sallar asuba. Ka ce jiya notin tsaro na injin feshin dusar ƙanƙara da muke ɗaura wa tarakta ya karye maka har sau biyu, sannan matar gidan nan mai hanyar tsakuwa ta fito tana faɗa don ta ji duwatsu suna dukan ƙofar garejinta. Ka kuma tambaye ni, "Maigida, tunda kuɗi suka biya don a share musu hanyar shiga gida, me ya sa kake cewa in bar dusar ƙanƙara yatsu biyu a ƙasa?" Tambayar ta yi kyau, kuma na ji daɗi da ka yi ta tun yanzu a Nuwamba, kafin sanyin Kebek, a nan Kanada, ya kankama.

Na san inda hannunka ya saba. Shekarun da ka yi kana huɗa da tarakta a gida sun koya maka cewa in garma ba ta ci ƙasa ba, ba a yi aiki ba. To a nan ka kifar da wannan tunanin. Ƙasa ba taka ba ce, ta mai gida ce, abin da ya sauko a kanta kawai aka ɗauke ka ka kwashe.

A wannan watan ƙasa ba ta daskare ba tukuna. Da rana ta yi laushi, da dare samanta kaɗai ke yin tauri. In ka sauke injin har bakinsa ya zauna a kan tsakuwa, zai kwashe ta haɗe da dusar. Ƙarfen nan mai murɗiya, irin na cikin injin markaɗe, zai tura ta tsakiya, fanka ta ɗauka ta harba ta bututu. Dusa ba ta da nauyi, nan kusa take zuba. Dutse kuwa sai ya wuce ta nesa, kamar an harba shi da gwafa. Jiya ƙofar gareji ya samu. Da gilashin mota ne, ko fuskar yaro mai jiran motar makaranta, da yanzu wata magana muke yi. Wanda bai daki komai ba ma yana nan kwance a cikin ciyawar gidan, sai Afrilu in dusa ta narke mai gida ya ga rabin hanyarsa a kan ciyawa, ya kira ni, mu je da manjagara mu kwashe kyauta.

Shi ya sa aka yi wa injin takalma, ƙarafan nan biyu masu lanƙwasa a gefe da gefe. Ka sassauta notinsu, ka sa katako mai kaurin yatsu biyu a ƙarƙashin bakin injin a kan simintin gareji, ka sauke takalman har su taɓa ƙasa, ka ɗaure. Dusar da ka bari, tayoyinka da na motar masu gida za su danne ta, sanyin dare ya ƙulle ta da tsakuwar, ta zama kamar daɓe. In aka yi mako ɗaya ko biyu ana sanyi sosai, daɓen ya kama, sai ka ɗage takalman, injin ya riƙa sulɓi a kai ba tare da ya taɓa dutse ko ɗaya ba. Idan Maris ya zo rana ta fara ƙarfi, ƙasa ta sake laushi, ka mayar da su yadda suke yau. A kan kwalta ko siminti babu wannan damuwar, kankare abinka. Amma hanyar da aka shimfiɗa da bulo, sai da bakin roba, don ƙarfe yana barin zane, kuma masu irin wannan hanyar suna ƙirga kowane zane.

In matar ta sake tambaya, ka faɗa mata haka cikin ladabi. Mafi yawansu sun sani, a cikin dusa aka haife su.

Sai maganar noti. Kada ka ji haushinsa, aikinsa ke nan ya karye. Furofelar bayan tarakta, wato sandar ƙarfen da ke juya injin feshin, tana juyi 540 a minti ɗaya, da ƙarfin injin gaba ɗaya a bayanta. In fanka ta ci karo da abin da ba zai motsa ba, dole wani abu ya ba da kai. Kamfanin ya zaɓi noti mai arha ya zama shi ne zai karye, don akwatin giya ya tsira. Na ga ka rubuta cewa kana tunanin sa wanda ya fi ƙarfi. Kul! Ka dubi kan notin da kyau: mai layi shida shi ne mafi tauri, mai layi uku matsakaici, marar layi shi ne mai laushi. Wanda littafin injin ya ce, shi kaɗai za ka sa, ko da mai layi shida ne ya rage a akwatinka kuma gidaje ashirin suna jiranka. Noti minti biyar ne a canza shi. Akwatin giya kuwa in ya fashe a tsakiyar Janairu, sai mu yi kwanaki muna jiran kaya, gidajen layinka duk su koma hannun wani.

Ban kasance a wurin ba, amma zan iya faɗa maka inda suka karye. Na farko, ina kyautata zaton tun kafin ka bar gareji ne ko a gidan farko. Shekaranjiya dusar mai ruwa ce, ka ajiye injin da sauranta a ciki, ta kwana ta zama ƙanƙara ta riƙe fankar. Ka zo ka sa furofela da wuta sama, noti ya tafi. Kullum in ka gama, ka bar injin ya yi ta juyi har ya zubar da abin da ke cikinsa. Da safe kuma, kafin ka tada tarakta, ka juya fankar da sanda ka ga tana tafiya. Ka sa furofela da wuta ƙasa, sannan ka ɗaga a hankali.

Na biyun kuma a bakin titi ne, ko ba haka ba? Wannan tudun da motar hukuma mai share titi ke turowa bakin kowace hanya ba dusa ba ce kamar sauran. Gishiri ya narkar da ita, ta sake daskarewa, akwai guntayen ƙanƙara kamar bulo a ciki, wani lokacin har da ɓallin kwalta. A nan ake rage tafiya. Ka lura, tafiyar tarakta za ka rage, ba wutar injin ba. Sababbi suna jin injin ya yi nishi sai su sauke wuta, fanka ta rasa ƙarfi, bututu ya toshe. Ka bar wuta inda take, ka shiga tudun da rabin faɗin injin, ka ci kaɗan, ka dawo ka ci saura. Ranar 27 ga Disamba 2012 dusa santimita 45 ta sauka a birnin Montiriyal na nan Kebek a yini ɗaya. Waɗanda suka gama layinsu a ranar su ne waɗanda suka yi ta cin rabi rabi.

In bututu ya toshe, ina roƙonka don Allah, ka cire furofela, ka kashe tarakta, ka zare makulli ka sa a aljihu, ka jira komai ya tsaya cak, sannan ka sa sanda. Hannu ba ya shiga wurin nan ko da an kashe inji, domin fankar da ta maƙale tana iya zabura in ta samu sarari. Na san mutum, ƙwararre ne ba sabon shiga ba, da yanzu yatsu uku ne a hannunsa na dama. Kuma rigar sanyi mai igiya ko mayafin wuya mai lilo, kada su kusanci furofela tana juyi.

Akwai abin da ban gaya maka ba tun da farko, kuma ya kamata ka ji. Sandunan nan masu launi da muka kafa a gefen hanyoyin gidaje a Oktoba ba talla ba ce kawai. Ranar da muke kafa su, ina duba kowace hanya ina haddace ta: ina gefen siminti ya ɗago, ina murfin magudana, ina matakala ta fara, ina mitar gas da bututun hayaƙin na'urar ɗumama gida suke, don kada mu binne su. In dusa ta rufe, komai fari ne sumul, abin da ka gani a Oktoba shi ne idonka. Duk da haka mutane suna barin abubuwa: tabarmar ƙofa, sarƙar kare, sandar wasan yara. Wata shekara wayar wutar da wani ya ja daga gida zuwa motarsa don ɗumama inji ta naɗe mini a ƙarfen murɗiya, na yi kusan awa guda a durƙushe cikin duhu ina yanke ta guntu guntu. Tun daga ranar, in na ga mota a hanya, sai na haska gabanta na nemi waya kafin in sauke injin. Haka tudun dusa na gefen hanya, yara suna haƙa ɗaki a ciki su shige. In ka ga rami ko sawun ƙananan takalma, sauka ka leƙa.

Injinmu irin wanda ake ja ne, don haka ka yi ribas har kusa da ƙofar gareji, ka sauke, ka ja gaba zuwa titi. Bututu ya bi iska, ya kalli filin gidan da kake yi wa aiki, ba na maƙwabci ba, ba kuma titi ba, don hukuma tana cin tara a kan haka.

An ce dusa za ta sake sauka daren Alhamis. Gobe bayan azahar ka same ni a gareji da sifana, mu daidaita takalman tare, in ba ka notuna goma ka zuba a akwatin tarakta. Daga nan mu biya gidan matar, mu duba ƙofar, mu ba ta haƙuri.