Tiyon da ke fita daga kaskon mai ya sake komawa kaskon

Toh yarona, na ga tambayarka, wai "oga, me ya sa a injin jirgin da ke tashi a kife ake fitar da tiyo daga kaskon baƙin mai, ya je wani bawul, sannan ya sake dawowa jikin kaskon, ba ɓata tiyo bane?" Ba ɓata tiyo bane, shine ma ran aikin gaba ɗaya.

Ka ɗauki injin Lycoming O-360 na yau da kullum, mansa kwat 8, wato kusan lita bakwai da rabi, yana kwance a kasko a ƙasan injin, famfo na tsotsa ta rariya ya tura wa boris da sauran wurare. Matuƙi na kifar da jirgin man zai zube can saman cikin injin, bakin famfo ya koma shan iska, gejin freshan mai ya faɗi, man kuma ya bi hanyar numfashin injin, wato bututun da iskar cikin injin ke fita ta nan, ya tsiyaye waje. Shi yasa jiragen wasan sama irin Pitts da Super Decathlon da Extra 300 ke ɗauke da injin mai AE a gaban sunansa, alamar injin wasan sama ne, kamar AEIO-360 da AEIO-540, kuma tsarin mai na tashi a kife da zaka fi cin karo da shi shine Christen 801 na Amurka.

Bawul ɗin nan baki uku gareshi, sama da tsakiya da ƙasa, a ciki ƙwallayen ƙarfe ne guda biyu, ba lantarki ba waya, nauyi kawai ke aiki. Jirgi na tafiya daidai ƙwallon sama ya toshe bakinsa, mai ya taso daga kasko ta bakin ƙasa ya fita ta tsakiya zuwa famfo. In an kife abin ya juya, na kasko ya rufe, wancan ya buɗe, famfo ya ja man daga saman injin ta ƙofar numfashi tunda can man ya koma. Kaga kenan tiyon da kake cewa ya koma kasko ba cikin man ya koma ba, hanyar famfo ya shiga, jikin kaskon kawai ya bi.

Anan yara ke kwafsawa. Akwai tsohuwar hanya a cikin kaskon wadda famfo ke jan mai kai tsaye, dole a toshe ta da matoshin da ya zo cikin kayan tsarin, in ba haka ba a ƙasa komai zai yi kyau, geji lafiya lau, ka sa hannu a takarda kana murna, sai ran da aka kife famfo ya shaƙi iska ta tsohuwar hanyar kamar ba a ɗaura komai ba. Kuma duk layukan nan na tsotso ne, ba na turi ba, layin tsotso kuwa in ya yi sako-sako ba lallai ka ga ɗigon mai ba, iska yake sha shiru, kamar kana zuƙar lemo da bututun da ya huje. Dan haka ni ban yarda da "ai baya yoyo" ba, sai na bi kowane noti da hannuna. Tiyo kuma mai kauri ake sawa, lamba 10 wato 5/8 na inci, irin wanda baya lotsewa in ana tsotsa, a taƙaice shi iya yadda zai yiwu ba lanƙwasa mai tsanani, ka bar masa ɗan sassauci saboda injin na girgiza shi kuwa bawul a jikin jirgi yake, na kusa da salansa ka sa masa rigar wuta. Bawul a tsaye cak ake kafa shi, bakin tsakiya daidai tsayin ƙofar rariyar kasko, in ka karkata shi ƙwallayen ba zasu zauna da kyau ba.

Sai gwangwanin raba mai da iska, wanda ke kan hanyar numfashin injin. Shi a sama ake ɗaura shi, gindinsa ya ɗara kasko tsayi dan man da ya taru ya gangara ya koma da kansa. In an kife wani nauyi a cikinsa ya rufe bakin sama, injin ya koma numfashi ta tiyon kasko. Layin komawar nan kar ka bari ya yi ciki a tsakiya, mai zai kwanta a wurin ya toshe numfashin.

Wani abu da zaka ji matuƙa na ƙorafi akai, geji na ɗan rawa lokacin juyawa kafin ya dawo, wannan dama haka tsarin yake, haka in jirgi ya tsaya a gefen fiffike ko ya miƙe tsaye ko nauyi ya ɗauke gaba ɗaya, ƙwallayen basu san ina ne ƙasa ba. Amma in ya faɗi ya ƙi tashi a kife, toh ko ƙwallo ya manne da dauɗa ko iska na shiga ko mai ya yi kaɗan. Cika mai maƙil shima ba gwaninta bane, zai watso rarar a jikin jirgin ta ƙasa har sai ya sauka inda injin ke so, ka lura da wurin ka rubuta. Farfela ma ka duba, ta wasan sama mai canza kusurwa tana da nauyi a gindin fukafukanta dan in fresha ya ɗauke ta koma kusurwa babba, injin bai zarce gudu ba.

Gobe in Allah ya kaimu ka zo da manuwal ɗin injin da na tsarin, zan baka bawul ka kwance ka wanke, ka hura kowane baki a tsaye sannan ka kifa shi ka sake hurawa, ka faɗa min wanne ya toshe. Wayar kulle kuma sai na duba kafin ka sa.