Shari'ar Zenger ta 1735: Ta sauya doka kuwa?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa John Peter Zenger ne ya samo wa 'yan jaridar Amurka 'yancin faɗin albarkacin baki. Wane ne shi, kuma da gaske shari'arsa ce ta sauya doka?

Amsa: Shari'ar ba ta sauya ko harafi ɗaya na doka ba. Abin da ta yi daban ne.

Zenger Bajamushe ne, an haife shi a 1697, ya iso New York a 1710, ya koyi aikin ɗab'i wajen William Bradford, mai buga wa gwamnati takardu. Maɗaba'a ce sana'arsa: a jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya da hannu, a shafa tawada, a danna takarda da injin katako. Ranar 5 ga Nuwamba 1733 ya fara fitar da New-York Weekly Journal. Masu adawa da Gwamnan New York William Cosby ne suka tsaya mata, kuma lauya James Alexander ne ya rubuta yawancin sukar ba tare da sa suna ba. Sunan Zenger kaɗai ke jikin jaridar, shi ya sa shi aka kama a Nuwamba 1734.

An yanka masa beli fam 400, abin da ya fi ƙarfinsa, ya shafe sama da wata 8 a tsare. Mako ɗaya kacal jaridar ta yi fashi. Matarsa Anna ta riƙe maɗaba'ar, tana karɓar umarni ta ramin ƙofar kurkuku.

Ga inda gizo ke saƙa. A dokar Ingila ta lokacin, wadda New York ke ƙarƙashin mulkinta, sukar hukuma laifi ne ko da gaskiya ce, gaskiyar ma ƙara wa laifin nauyi take yi. Aikin juri, wato mutum 12 da ake zaɓowa daga cikin gari, shi ne kawai su tabbatar ko wanda ake tuhuma ne ya buga. Bayan an kori lauyoyinsa biyu daga aiki, lauya Andrew Hamilton ya zo daga Philadelphia don ya kare shi. Ranar 4 ga Agusta 1735 ya amsa wa kotu cewa lalle Zenger ne ya buga, wanda a ƙa'ida ya gama shari'ar ke nan. Alƙali James DeLancey ya hana shi kawo shaidu kan gaskiyar labaran, sai ya juya ga juri, ya roƙe su su auna da abin da suka sani game da mulkin Cosby. Ba su daɗe ba suka dawo suka ce ba shi da laifi.

Hukuncin juri ba ya ɗaure wata kotu. Amma gwamnoni sun gane cewa kai mai maɗaba'a gaban mutanen garinsa kasada ce. Sai a 1805, bayan shari'ar ɗan jarida Harry Croswell ta 1804, wanda aka tuhuma da ɓata suna, New York ta yi dokar da ta amince gaskiya ta zama kariya, da sharaɗin an buga ta da kyakkyawar niyya.

Zenger kuwa ya koma buga wa gwamnatin New York takardu a 1737, ya rasu a 1746.