Amsa ga Malam mai tambaya kan gini da ƙaramin ƙarfi, ga kuma lalura

Salamu alaikum Malam, Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ne. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, cewa kana da fili hamsin da hamsin a bayan gari nan Kano, an biya ka ɗan garatuti wanda ba zai kai ko'ina ba, ga suga ga ƙafa da ba ta barin ka doguwar tsayuwa, kana tambaya ka fara gini ne ko ka haƙura da zaman haya. Na bari sai da safe in rubuta a nutse saboda ni ma ta nan na biyo, sai dai ni nawa baya ne, likita a asibitin ƙashi na Dala ya ce abin da ke tsakanin ƙasusuwan ne ya zame yake danne jijiya.

Ka fara Malam, amma dan Allah kar ka fara irin farawata.

Ni a 2021 na kira birkila na ce a fitar min da fandishan gidan gaba ɗaya, ɗaki uku da falo da kicin da bandaki biyu har da shago a waje, don kowa cewa yake ai a fitar da shi lokaci ɗaya ya fi sauƙi. Kuɗi suka ƙare daidai gindin taga. Damina biyu ta sauka a kan ginin nan ba rufi, ciyawa ta cika ɗakunan, yaran unguwa suka mai da falon makewayi, ni kuma ina can ina biyan haya ina sayen magani. Ina jiran in samu kuɗi sai aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin tifar yashi ya tashi, farkon 2024 kuma buhun siminti ya haura dubu goma, kai na zauna na lissafa na ga da kuɗin da na binne a ƙasa ɗaki ɗaya da bandaki na zuba wa, da tuni na tare, kuɗin hayar shekara biyu da shi zan ɗora na biyu. Ƙarshe abin da na yi kenan, na zaɓi ɗaki biyu na kusurwa da bandaki ɗaya na kai su linta na rufa na sa ƙofa da taga, muka shigo ko filasta babu a waje. Sauran fandishan yana nan har yau, uwargida na shuka alayyafo a ɗakin da na ce na baƙi ne.

Toh kai ka gina iya abin da za ka iya ɗora wa kwano kafin ruwan farko. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 yana cin bulo wajen 400 zuwa 450, in biyu ne a jere bangon tsakiya ɗaya ne ka ga an rage. Ka zana gidan duka a takarda don ka san inda sokawe zai zauna da inda za a ƙara ɗaki gaba, ka kuma bincika maganar takardar izinin gini a KNUPDA, wato hukumar tsara birane ta Kano, musamman in filin awon igiya ne, kar a zo a shafa maka jan fenti bayan ka kashe kuɗi. Amma haƙa, iya wanda za ka gama kawai.

Kafin ka sayi ko shebur, ka cire kuɗin magani da gwaji na aƙalla wata shida ka ba wa wanda ba ya jin kunyar hana ka. Ni matata na ba wa. Gini yana da wani irin ja, ranar da birkila ya ce saura buhu biyu a gama zuba linta wallahi kuɗin allurarka za ka ɗauka ka ce gobe na mayar, kuma ba za ka mayar ba.

Sai maganar jiki, nan ne na fi cutar kaina. Wata rana lebura ɗaya bai zo ba, na ce me zai sa in nemo wani in biya, bulo ne kawai za a miƙa. Inci tara ne, na miƙa bai fi ashirin ba na ji abu ya tsarga min daga ƙugu har ɗan yatsan ƙafa, a mota aka kwaso ni, sati uku ina kwance sallah ma a zaune, abin da na kashe a hoto da magani ya biya lebura na wata guda har da canji. Daga ranar na sayi kujerar roba da littafi, na samu inuwa na zauna. Kuma abin mamaki zaman nan ya fi min amfani a aljihu, domin ashe ba wajen lebura kuɗi ke zuba ba, wajen ƙirga ne. Buhu nawa aka buɗe yau, baro nawa na yashi aka zuba wa kowane buhu, bulo nawa aka sauke nawa suka fashe. Buhun da aka gama da shi a kawo min fankonsa in ajiye ƙarƙashin kujera. Ban ce kowa ɓarawo ne ba, birkilan da ya ƙarasa min mutumin kirki ne, amma ko na kirkin in ya ga mai gida na rubutu hannunsa daban yake. Kuma ka yi jinga da shi, daga nan zuwa linta kaza, kar ka yarda da biyan kullum tunda akwai ranar da jiki ba zai bar ka ka zo ba. Irin wannan ranar gara a tsai da aikin.

Kai mai suga, wajen gini wurin ƙusa ne da guntun waya da tsinin rodi, kuma suga na kashe jin ƙafa, sai ka taka abu ba ka sani ba sai ya kumbura. Ban da silifas, takalmi rufaffe mai kauri, kullum da daddare ka duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, kar ka taka ɗanyen kwaɓi don siminti na cin fata. Ka ci abinci kafin ka fita, ka riƙe ruwa da ɗan dabino ko alawa a aljihu saboda faɗuwar suga. In zafin Maris da Afrilu ne ka je da sassafe ka dawo kafin azahar. In ana zazzage siminti ko yankan tayil ka koma ta inda iska ba ta kaɗo maka ƙurar.

Sayayya kuwa, in kuɗi ya shigo kaɗan kaɗan, ko na adashi ne, ka mai da shi abin da ba ya lalacewa, kwano bandir bandir, rodi, ƙofa, taga. Siminti ba a tara shi, in ya yi wata biyu zuwa uku musamman da damina sai ya fara dunƙulewa, ka saye shi satin da za a yi aiki. Ƙofar Ruwa za ka samu rodi da ƙofofi da tagogi na hannu masu kyau, katako kuma 'Yan Katako na Na'ibawa, ka je da kafintanka amma kai za ka biya da hannunka. Bulo ka ɗaga ɗaya, a'a kai kar ka ɗaga, ka sa yaro ya ɗaga zuwa ƙugu ya saki, in ya watse kamar garin kwaki ka bar wajen, akwai masu fitar da bulo sama da hamsin a buhu ɗaya. In ƙarfi bai kai ba babu kunya a bulon ƙasa, a yi fandisho da layi uku ko huɗu na siminti sannan a ɗora na ƙasa, ɗakin ma ya fi sanyi, sai dai kwanon ya zarto sosai ya kare bangon daga ruwa.

Abin da na fi so ka ji shi ne ka gina wa jikin da kake da shi, har da yadda zai iya komawa nan da shekara goma. Ni birkila ya yi min matakala uku a ƙofar ɗaki wai ya fi kyau, bara na biya aka fasa aka yi gangare. Ƙofa ta kai faɗin ƙafa uku har ta bandaki, ko da wata rana keke ko sanda za ta shiga, Allah ya kiyaye. Bandaki ya manne da ɗakinka, masai na zama, ka sa a kafa bututun ƙarfe a bango wajen dafawa, tayil mai kaushi ko ma daɓen siminti kawai, mai santsin nan shi ke karya mutane. Soket a ɗaga shi daidai ƙugu. Taga biyu masu kallon juna don iska ta ratsa. Duk waɗannan in tun farko aka yi kusan ba su ƙara komai a kuɗi. Silin POP da fenti su jira, ni har yanzu ban yi ba.

Abu ɗaya da ba ka faɗa ba, akwai ruwa kusa da filin? Don linta da daɓe suna son ban ruwa safe da yamma na aƙalla kwana bakwai, kuma kai ba za ka ɗauki jarka ba. In rijiya ko bohol na maƙwabta na kusa ka samu yaro ɗaya ku yi tsada na sati, in kuwa sai 'yan garuwa ne toh ka sa kuɗinsu a lissafi tun yanzu, ni ban sa ba kuma sai da suka ci min kuɗin ƙofa ɗaya.