Ƙarar Ƙarfen Ƙasan Jirgin Catalina 22

Ka ce, "Maigida, ƙarfen nan na ƙasa yana ƙwanƙwasa jikin jirgi duk sanda igiyar ruwa ta buge shi, in ƙara ɗaure notinansa?" A'a, ajiye sifanar nan tukuna. Ba daga noti ƙarar take ba.

Wannan ƙaramin jirgi mai tafiya da iska, da aka fara ƙerawa a Amurka a 1969, ƙarfensa zubi ne mai nauyin kusan kilo 250. Shi ke hana jirgin kifewa, shi kuma ke hana iska tura shi gefe. Yana lilo ne a kan fil ɗin tagulla guda ɗaya mai kaurin inci ɗaya, waya kuma tana ɗaga shi in za a hau tirela. Yau da gobe fil ɗin yana cin ramin da ya ratsa a jikin ƙarfen, ramin ya tashi daga da'ira ya koma kamar ƙwai. Wasan da ya samu ke nan kake ji.

Notinan nan huɗu kuwa, masu riƙe mazaunin fil ɗin, cikin ƙarafunan da aka binne a faibar jikin jirgin suke shiga. Ka matsa da ƙarfi, ɗaya ya tsinke a ciki, sai an yanka jikin jirgin kafin a ciro shi. Aikin yini ya zama na sati.

Ɗaga jirgin daga tirela, ka tokare shi da katako, ba da jak kaɗai ba. Sa jak a ƙarƙashin ƙarfen, ka kafa katako hagu da dama don kada ya kwanta. Sannan ka kwance notinan kaɗan-kaɗan, kana saukewa. Kada ƙafarka ko hannunka ya shiga ƙarƙashinsa, ko da wasa.

Ramin, kada ka kai wa mai walda ya cike. Zubin ƙarfe tsagewa yake yi in ya sha wuta a wuri ɗaya. A faɗaɗa shi da inji ya dawo da'ira, a dasa bushin, wato ɗan bututun da fil zai zauna a ciki, na ƙarfe marar tsatsa da gam ɗin ifoksi, a sa sabon fil. Ragowar wasan gefe, wosha ta roba mai tauri ke cinye shi.

Tunda ƙarfen yana ƙasa, kankare tsatsar har ƙarfe ya yi fari, ka shafa ifoksi nan take. In ya kwana tsirara, sabuwar tsatsa za ta kama, fentin ya ɓare daga baya.

Wayar kuma, goga mata tsumma. In tsumman ya maƙale, zaren wayar ya tsinke ke nan, canza ta. Ka fi duba gindinta inda ta kama ƙarfen, can take fara ruɓewa. Ka ga ko ɗan ƙwallon da wayar ke bi ta kansa yana juyawa, kuma tiyon da ta ratsa bai tsage ba, don ta nan ruwa ke shigowa.

Wajen mayarwa, fara kowane noti da hannu, ka ɗiga masa maganin hana kwancewa, ka ɗaure daidai kima. Bayan fitar farko a ruwa ka sake duba su.