Bakan hedfon ya karye: gam kaɗai ba ya riƙewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Hedfon ɗina mai rufe kunne ya karye a bakan da ke haye kai, kusa da ɓangaren dama. Na liƙe da sufa gulu, ba a jima ba ya sake ɓallewa. Sauti dai yana fita ta kunne biyu. Akwai dabara, ko in haƙura in sayi wani?
Mai karatu daga Aboabo, Kumasi

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Tunda kunnuwan biyu na magana, siririyar wayar da ke bi ta cikin bakan ba ta tsinke ba. Ka daina sawa tukuna, domin bakin robar da ya karye na iya yanke ta.

Ba laifin hannunka ba ne. Sufa gulu idan ya bushe ƙanƙarewa yake yi, ba ya lanƙwasa, shi kuwa baka duk sawa sai an buɗa shi. Ɗori yake buƙata, irin na mai karaya: a ɗaura masa abin da zai ɗauki nauyin.

Nemi tsohuwar waifar mota, makanikai a Suame Magazine, unguwar gyaran motoci ta Kumasi, ba sa rasa ta. A jikin robarta akwai siraran ƙarafa biyu da ba sa tsatsa. Yanko guda biyu, kowanne santimita 7, ka lanƙwasa su da filaya su bi zubin bakan. Sai gam mai tubu biyu irin Araldite, wanda ke kwana kafin ya kama. Na minti 5 ya fi sauri, amma bai kai shi ƙarfi ba.

Ɗaga soson ciki a hankali, ka kawar da wayar gefe. Kankare tsohon gam tas, sabo ba ya kama a kansa. Goge wurin da ƙarafan da samfefa mai lamba 120 har su yi kaushi, ka share da sifirit. Haɗa gam ɗin biyu daidai wa daida, ka juya minti guda har launi ya zama ɗaya. A nan aka fi yin kuskure: idan ɗaya ya rinjayi ɗaya, sai ya tsaya da danƙo. Shafa a bakin karayar, haɗa, ɗora ƙarafan ta yadda karayar za ta zo tsakiyarsu, sannan ka naɗe da zaren ɗinkin takalmi tamau, ka ƙara shafa gam a kan zaren ya jiƙe. Kada gam ya taɓa inda ake ja a ƙara tsawo. Bar shi awa 24 ba gwaji, sannan ka rufe da baƙin tef.

Abu ɗaya: duba cikin robar, inda akan rubuta irinta da haruffa. Idan ka ga an rubuta ABS ko PC, gam zai kama. Idan PP ne, da ƙyar yake riƙewa. Sai a huda ƙananan ramuka a kowane gefe a ɗaure ƙarfen da siririyar waya.

TAMBAYA: Nawa hedfon a mahaɗar da ake naɗewa ya karye. Dabarar ɗaya ce?
Mai karatu daga Asawase

AMSA: A'a, Hajiya. Wurin yana motsi, kuma babu filin ɗori. Ki kai wa masu gyaran waya a Adum, tsakiyar Kumasi, su ciro mahaɗar daga mataccen hedfon irinsa. Idan mai Bluetooth ne, a kashe shi kafin a kwance, domin a wasu wayar batir ta nan take bi.