Gyambon kwanciya a jikin tsohuwa: yadda za a kula da shi a gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana da shekara 78, ɓarin jikinta ya shanye wata huɗu da suka wuce, tun lokacin tana kwance. Yanzu wani ciwo ya fito mata a ƙasan baya, saman ɗuwawu, faɗinsa kamar murfin kwalba. Muna wanke shi da Dettol, muna barbaɗa garin kafso, amma kullum ƙara faɗi yake. Me ya kamata mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya, ya saka muku da alheri bisa wannan jinya. Abin da kika kwatanta shi ne gyambon kwanciya. Idan mutum ya daɗe kwance a gefe guda, nauyin jikinsa yana matse fata da nama tsakanin ƙashi da katifa, jini ya kasa ratsawa, naman wurin ya fara mutuwa. Mai lafiya yana juyawa ko a cikin barci, amma wanda jikinsa ya shanye ba ya iyawa, wani ma ba ya jin zafin. Saboda haka duk maganin da za a sa, muddin ana ci gaba da kwantar da ita a kan ciwon, ba zai warke ba.

A riƙa juya ta duk bayan awa 2, dare da rana. Tunda ciwon a baya yake, a bar kwanciyar rigingine, a riƙa sauyawa tsakanin dama da hagu. Kada a juya ta gaba ɗaya ta hau ƙashin kwatangwalo, don nan ma gyambo zai fito. A ɗan karkata ta kawai, a tokare bayan da filo, a sa wani tsakanin gwiwoyi, wani kuma ƙarƙashin sangalali yadda dugadugai za su tashi daga katifa. Mutum biyu su ɗaga ta da zanin gado, kada a ja ta, domin fatar tsoho ba ta jure gogayya. Wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, a raba shi tsakanin 'yan gida, a rubuta lokutan a takarda a manna a bango. Katifar iska da ake sayarwa tana taimakawa, amma tana buƙatar wuta, kuma ba ta ɗauke wa kowa aikin juyi. Zoben roba da ake zama a kai kuwa a guje shi, yana ƙara datse jini a kewayen ciwon.

Dettol da garin kafso a daina su yau. Dettol, sifirit da ruwan wanke ciwo mai kumfa (hydrogen peroxide) suna ƙona sabon naman da ke ƙoƙarin tsirowa. Garin kafso kuma yana daskarewa ya rufe ciwon, mugunya ta taru a ƙasa, ƙwayoyin cuta su saba da maganin. Haka toka, man shanu da garin itatuwa. Suna iya shigar da ƙwayar tetanus, cutar da ke sandarar da jiki.

Abin wanki shi ne ruwan gishirin asibiti, irin wanda ake ƙarin ruwa da shi, ana samunsa a kemis. Idan babu, a tafasa ruwa lita 1, a zuba gishiri gram 9, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya da rabi, a bar shi ya huce a rufe, kuma a zubar da ragowar bayan kwana ɗaya. Mai wankin ya wanke hannu da sabulu, ya sa safar hannu. Idan tsohon bandejin ya manne, a jiƙa shi har ya saki da kansa. A kwarara ruwan a kan ciwon da sirinji marar allura, ba tare da gurzawa ba, a busar da fatar gefe kaɗai. Sannan a ɗora yadin ciwo mai Vaseline, a rufe da busasshe a sama, a riƙe da filastar takarda. Auduga tana barin zare a cikin ciwo, kada ta taɓa shi. Mutane da yawa suna ganin sai ciwo ya sha iska ya bushe yake warkewa, alhali ciwon da ke rufe da ɗan danshi ya fi saurin haɗewa. A sauya sau ɗaya a rana, da duk lokacin da fitsari ko bayan gida ya taɓa shi.

Wurin da ciwon nan yake, fitsari babban abokin gabarsa ne. A sauya kunzugu da zarar ya jiƙe, a shafa man zinc a fatar kewaye, kuma kada a kwantar da ita kai tsaye a kan leda, sai an shimfiɗa zanin auduga marar tattara.

Kullum wajen wanka a duba dunduniya, idon sawu, kwatangwalo, kafaɗa da ƙeya, ko wani sabon gyambo na shirin fitowa. A baƙar fata ba a cika ganin ja ba. Sai dai wurin ya ƙara duhu, ko ya yi sheƙi, ko a ji ya fi gefensa zafi ko tauri. Idan aka ga haka kada a yi masa tausa, a ɗauke nauyi daga kansa. Baƙin ɓawo busasshe a dunduniya kuma ba a ɓamɓare shi a gida.

Koko da shayi kaɗai ba sa gina nama. A ba ta ƙwai, wake, kifi, nono, awara da kunun gyaɗa, kaɗan-kaɗan sau da yawa, da isasshen ruwa. Idan tana da ciwon ƙoda, likita ne zai faɗi gwargwadon da za ta ci. A kuma auna sukarinta da yawan jininta, domin ciwon sukari da ƙarancin jini suna hana ciwo rufewa.

Tunda ciwon yana faɗi, ya kamata nas ko likita ya gan shi a cikin makon nan, ya auna zurfinsa, don sau da yawa bakin gyambo ƙarami ne amma ya yi rami a ƙasa. Idan kuwa ya fara wari, ko mugunya, ko naman ya yi baƙi, ko kumburi yana yaɗuwa, a kai ta asibiti ranar. Tsoho yana iya kamuwa da cuta a jini ba tare da zazzaɓi ba, sai dai a ga ya rikice, ya daina cin abinci, ko barci ya yi masa yawa. Kuna ganin haka ga Mama, kada ku jira wayewar gari.